Goyon keke a bayan mota: majanyin ne abin dubawa

Ɗora keke a kan mota ba sabon abu ba ne a Sakkwato. Motocin haya masu zuwa Illela ko Tambuwal sun daɗe suna ɗaukarsa a kariyar sama, a kwance tsakanin buhunan albasa, ko kuma a cusa rabinsa cikin but a ja murfin da igiya, ƙafar gaba tana lilo a waje har a isa. Sabon abin shi ne mariƙin ƙarfe da ake kafawa a ƙugiyar jan tirela ta bayan motar gida, a jera keke ɗaya ko biyu a tsaye a kansa, kamar an yi wa motar goyo. Masu shi ba su da yawa tukuna a cikin gari, kuma mai sha'awarsa yakan fara ne da hoto: ya gan shi a Instagram ko a wani shagon intanet, ya tura wa ɗan'uwa a Legas ko a ƙasar waje ya saya ya aiko. Tambayarsa ita ce wanne ya fi kyau, wanne ya fi araha. Akwai tambayar da ta riga waɗannan, wato a jikin me za a kafa shi? Duk macen da ta taɓa goyo ta san cewa zanen da ake gani a waje rabinsa ado ne, majanyi ke riƙe da yaro.

Kafin a kai ga ƙarfe, ya kamata a tantance wanda maganar ta shafa. Keke ya ga zamani uku a ƙasar Hausa. A na farko abin alfahari ne, abin hawan malamin makaranta da ma'aikacin En'e, har kamfanin Raleigh ya kafa masana'anta a Kano, sunan Rali kuma ya zauna a bakin mutane. A na biyu babur ya kore shi, ya koma na ɗalibi da manomin fadama da mai talla. Lokacin da Ojo Maduekwe, ministan sufuri a gwamnatin Obasanjo, ya yi ta kiran jama'a su koma hawan keke a 2001, dariya aka yi masa, dariyar kuma ta ƙaru bayan wata mota ta ture shi cikin kwata a Abuja yana kan kekensa. Zamani na uku ya soma ne ranar 29 ga Mayun 2023, da aka janye tallafin mai. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta doshi naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000.

Sai dai wanda tsadar mai ta mayar kan keke ba ruwansa da mariƙi, domin keken ne motarsa. Mai bukatar mariƙi wani mutum ne dabam: lauya, ma'aikacin banki, malamin jami'a, ko likitan da shi ma likita ya ja wa kunne kan hawan jini da ciwon suga. Gidansa yana Mabera ko Arkilla ko Runjin Sambo, daga ƙofarsa kuma titi cike yake da 'yan kabu-kabu da Keke Napep da manyan motocin siminti na Kalambaina, babu layin da aka ware wa mai keke. Don haka sai ya ɗauki keken a mota ya kai shi inda zai iya tuƙawa da kwanciyar hankali, kamar doguwar hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wajejen filin jirgin sama. Matsalar tsaro a gabashin jihar ta ƙara taƙaita wuraren da mutum zai nufa shi kaɗai da sassafe. Akwai abin dariya a ce an ƙona fetur domin a je a motsa jiki, amma laifin na titi ne. Lokacin ma ƙanƙane ne. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40, wanda bai gama tuƙinsa tsakanin sallar asuba da hantsi ba ya haƙura sai gobe. Mutumin da sa'a ɗaya kawai yake da ita ba zai jure ɓata kwatanta wajen kwance ƙafar keke da neman igiya ba. Wannan ne ainihin amfanin mariƙin ƙugiya: a ɗora, a danne, a tafi.

Ba kowa ne ya kamata ya saya ba. Mai Hilux ko wata a-kori-kura tsohuwar katifa da igiya sun ishe shi. Mai Sienna ya naɗe kujerun baya kawai. Wanda sau ɗaya ko biyu a wata yake fita, mariƙin nan mai araha da ake ɗaurawa a murfin but da maɗaurai zai yi masa, in dai ya yarda cewa zai goge fenti kuma rana za ta cinye maɗauran. Kariyar sama kuwa tana sa mota kokawa da iska ta ƙara shan mai, tana bukatar a ɗaga keke sama da kai, ranar da aka manta da shi kuma aka shiga ƙarƙashin rumfar ajiye mota, an yi asarar keke da rufin mota lokaci guda. Mariƙin ƙugiya na mai fita sau uku ko huɗu a mako ne, ko mai ɗaukar kekuna biyu zuwa sama, nasa da na yara.

To, ga wanda ya cancanta, matakin farko shi ne ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin bamban motarsa ta baya. Abin da zai gani ya danganta da ƙasar da motar ta fito. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, irin su Highlander da Pilot da suke shigowa ta Kwatano ko Legas, idan suna da ƙugiya, bututun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu da ake zura mariƙi a cikinsa a soke da fil. Bakin bututun iri biyu ne aka fi samu: inci ɗaya da kwata, ko inci 2. Motocin Turai kuwa, irin su Golf da Peugeot, ƙugiyarsu wuya ne mai lanƙwasa da dunƙulen ƙarfe a kai, faɗinsa milimita 50, mariƙin kuma damƙe dunƙulen yake yi. Na wannan ba ya shiga na wancan. Mutum zai iya biyan kuɗin mariƙi mai suna irin Thule ko Yakima, ya biya kuɗin jirgi da na kwastan, kaya su iso Sakkwato ya tarar ba su da mashiga. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tef ɗin awo na tela ya isa ya raba gardama kafin a aika ko kwabo.

Akwai wani tarko ƙarami a nan. Dunƙulen Amurka mai inci 2 faɗinsa milimita 50.8 ne, ido ba zai bambanta shi da na Turai ba, amma mariƙin da aka yi wa milimita 50 ba zai zauna a kansa yadda ya kamata ba. Haka nan mariƙi mai damƙa yana son dunƙule busasshe. Bakaniken da ya saba shafa wa kowane ƙarfe giris, da kyakkyawar niyya, zai mayar da shi abin da ke juyawa a kowace kwana.

Mataki na biyu lissafi ne, kuma a nan aka fi yin ganganci. Kowace ƙugiya tana da lambobi biyu: nauyin da za ta iya ja, da nauyin da za ta iya ɗauka a kanta daga sama. Mai keke ba ruwansa da ta farko. Mutane sukan ji cewa ƙugiya na jan tirela mai tan guda, su ce to mene ne keke? Amma ja dabam, dannawa dabam. A tsarin Amurka, mafi ƙanƙantar ƙugiya mai inci ɗaya da kwata iyakarta wajen kilo 90 ne daga sama, mai bi mata wajen kilo 160, masu inci 2 kuma da yawansu sukan kai wajen kilo 225. A motocin gida na Turai lambar takan faɗi tsakanin kilo 50 da 100, ana kuma buga ta a wani ɗan faranti a jikin ƙugiyar. Ita ma motar tana da tata iyakar a littafinta, kuma wadda ta fi ƙanƙanta tsakanin biyun ita ce hukunci. Motar da ta zo hannu na biyu da wuya a same ta da littafi, amma da sunanta da shekararta ana samunsa a intanet.

A ɗauki misali. Mariƙi mai faranti na kekuna biyu yakan kai kilo 20, wani ya fi. Keken tsere na zamani kilo 9 ne ko 10, amma keken ƙarfe irin Phoenix da aka saba gani a kasuwa yana kusa da kilo 20, mai batir kuma yakan haura 25. Kekunan ƙarfe biyu da mariƙinsu sun kai kilo 60 ke nan. A kan motar da iyakarta kilo 75 ce, a takarda akwai sauran sarari. A kan titi babu. Dalili shi ne an auna iyakar ce a daidai bakin ƙugiya, dab da bamba, shi kuwa mariƙi yana tura nauyin baya da rabin mita ko fiye. Duk wanda ya taɓa riƙe bokitin ruwa a gefen ƙafarsa, sannan ya gwada riƙe shi da hannu a miƙe, ya san bambancin. A ƙara da cewa duk lokacin da ƙafar baya ta faɗa rami ko ta hau tudun rage gudu, nauyin yakan ninku na ɗan lokaci, ya saki, ya sake ninkuwa. Ƙarfe ba ya karyewa ranar farko. Gajiya yake yi a hankali, kamar wayar da ake lanƙwasawa gaba da baya. Saboda haka mai hankali zai bar kashi ɗaya cikin uku na iyakar a matsayin rara, musamman in hanyarsa tana da gargada. Wannan ne kuma ya sa ɗan ƙarfen nan da ake sayarwa don haɗa mariƙi mai inci 2 da ƙaramin bututu bai cika zama mafita ba: yana ƙara tsawo, masu ƙera irinsa da yawa kuma da kansu suke gargaɗin cewa yana rage iyakar da rabi.

Duk wannan ga wanda motarsa ta zo da ƙugiya ne. Mafi yawan motocin ma'aikata a Sakkwato, su Corolla da Camry da Accord, babu komai a ƙarƙashin bambarsu. A nan ne shawarar da ta fi kowace saurin zuwa take fitowa: a kai wa mai walda. Shawarar tana da hujjarta, kuma bai kamata a raina ta ba. Ƙugiyar da aka ƙera wa takamaimiyar mota sai an yi odarta daga waje, da dala, ga nauyi, ga jira. Masu waldar garin nan kuwa su ne suke ƙera ƙofofin gidaje da tankunan ruwa da amalanke da ke ɗaukar lodin da ya fi kekuna goma. Mutumin da ya haɗa bodin tirela, mene ne zai gagare shi a ɗan bututun da zai riƙe keke biyu?

Amsar tana jikin motar, ba a hannun mai waldar take ba. Hilux da Land Cruiser suna da shasi na daban, dogayen ƙarafa biyu masu kauri da aka ɗora jikin motar a kansu. Corolla da 'yan'uwanta ba su da wannan. Jikinsu da shasinsu abu guda ne, falle-fallen ƙarfe marasa kauri da aka naɗe aka haɗa, ƙarfinsu yana cikin siffarsu. Zafin walda yana raunana irin wannan ƙarfe a gefen ɗinkin, yana ƙone abin da ke kare shi daga tsatsa, tankin mai da wayoyin lantarki kuma ba su da nisa daga wurin. Mafi muni shi ne a liƙa bututun a ƙarfen da ke cikin bamba, wanda aikinsa shi ne ya lotse ya shanye karo, ko a ɗan zoben da ake ɗaura igiya idan mota ta mutu, wanda aka yi domin ja na ɗan lokaci. Aikin zai fito tsaf, a shafa masa baƙin fenti, mai walda ya hau kansa ya yi tsalle don ya nuna ƙarfinsa. Tsallen mutum ɗaya a gareji ba ya gwada abin da girgiza dubu za ta yi a hanyar Wamakko.

Abin da ke cikin haɗari kuma ya wuce keken. A titunan Sakkwato abin da ke bin bayan mota yawanci ɗan kabu-kabu ne, sau da yawa da fasinja mace da yaro, tazarar da ke tsakaninsa da bamba ba ta kai tsawon mutum biyu ba. Kilo 60 na ƙarfe da ya ɓalle a gabansa ba zai ba shi damar kaucewa ba. Mai motar ya fita neman lafiyarsa ne, wanda zai biya kuɗin arahar da ya nema kuwa bai san da cinikin ba.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a raba aikin biyu. Ƙugiya a saye ta, wadda aka ƙera wa wannan motar ta wannan shekarar. Motoci da yawa suna da ramukan noti da kamfani ya tanada a ƙarfen ƙarƙashinsu domin wannan aiki, ƙugiyar kirki kuma a nan ake ɗaure ta, ba tare da wuta ta taɓa motar ba. A yi amfani da notocin da suka zo da ita. In dole sai an canja, a duba kan notin a ga lamba 8.8 ko 10.9, kada a karɓi wanda kansa babu rubutu. Idan sabuwa ta yi tsada, ana iya neman wadda aka ciro daga irin motar a wurin masu kayan gyara na hannu, in dai ba ta lanƙwashe ko ta tsage ba. Shi kuwa mariƙin, wato farantin da keke zai zauna a kai, wannan aikin mai walda ne, kuma ƙwararre zai iya fitar da mai kyau da kuɗin da bai kai rabin na waje ba. Sharaɗi ɗaya ne: a ɗora shi a sikeli bayan an gama. Masu walda suna son ƙarfe mai kauri don gudun kunya, kuma kowane kilo da mariƙi ya ci an rage shi ne daga rabon keke. Mafi yawan masu saye akasin haka suke yi, su zuba kuɗi a mariƙi mai tambari da kowa zai gani, su tsuke hannu a ƙugiyar da ke ɓoye a ƙasa.

Game da siffar mariƙin kuwa, iri biyu ne. Akwai mai rataya, wanda keke ke lilo a kan hannuwa biyu ta sandarsa ta sama. Ya fi sauƙin nauyi da kuɗi, amma kekuna suna gugar juna, keken mata da na yara kuma ba su da miƙaƙƙiyar sandar da za a rataya. Akwai mai faranti, wanda ƙafafun keke ke zama a cikin kwarin ƙarfe a danne su. Ga hanya mai ramuka, mai faranti ya fi, in dai ƙugiyar za ta ɗauki nauyinsa. A lura kawai cewa wasu masu farantin taya suke dannewa daga sama, ba sa shiri da keken da ke da murfin taya na ƙarfe irin na da. Wanda ke buɗe but kullum ya nemi mai kwantawa baya, mai Prado ko tsohuwar RAV4 da ke da safaya a ƙofar baya kuma ya auna ko akwai wurin da keke zai tsaya.

Saura abubuwan da hoton talla ba ya nunawa, domin a titunan wasu ƙasashe aka ɗauke shi. Na farko lambar mota da fitilu. Kekuna biyu a jere suna iya rufe lamba da fitilar birki da sigina gaba ɗaya. Rufe lamba laifi ne da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra za su tsayar da mutum a kansa, kuma da gaskiyarsu. Fitilar birki ta ma fi lamba muhimmanci, saboda dai wancan ɗan kabu-kabun. Mariƙan Turai sukan zo da allon fitilu da wurin lamba, ana jona su da soket mai baki 7 ko 13. Na Amurka da yawa ba su da shi. Wanda nasa bai zo da shi ba, mai gyaran wayar mota zai iya haɗa masa fitilun tirela biyu a jikin mariƙin, aikin wuni guda ne. Sai salansa. Idan bakinta yana kallon tayar keke, tafiyar rabin sa'a ta isa ta narkar da roba. Sai tsayi daga ƙasa: mariƙin da ya miƙe baya zai daki ƙasa a gangaren ƙofar gida da kan kwalbati, don haka wanda wuyansa ya ɗan tashi sama ya fi dacewa da mota mai ƙasa-ƙasa.

Rana da ƙura ma suna da nasu rabon. Maɗauran roba da filastik da za su yi shekaru a Turai sukan bushe su tsattsage da wuri a zafin Sakkwato, ƙurar hunturu kuma tana shiga makullai ta daskare su. Mariƙin da yawancin sassansa ƙarfe ne, wanda za a iya maye maɗaurinsa da abin da ake samu a kasuwa, ya fi wanda sai an yi odar ɗan madanninsa daga Suwidin. Mai keken batir ya cire batirin ya sa a cikin mota, nauyi ya ragu, batirin kuma ya tsira daga rana. Fil ɗin da ke soke mariƙi a bututu ya zama mai makulli, in ba haka ba wanda ya tsaya sallah ko sayen burodi zai iya dawowa ya tarar an zare goyon gaba ɗaya.

Bayan an gama haɗawa, kada keke ya zama abin gwaji na farko. A ɗaura buhunan yashi masu nauyin kekunan a kan mariƙin, a bi hanya mai gargada na 'yan kilomitoci a lokacin da titi ba kowa, sannan a tsaya a sake ɗaure notoci, domin sukan saki kaɗan a tafiyar farko. A kama ƙarshen mariƙin a girgiza. In yana kaɗawa a cikin bututu, akwai ɗan maƙalin da ake sawa ya matse shi. Daga nan a shiga ƙarƙashin motar da tocila a duba fentin da ke kewaye da kowane noti. Fenti ba ya miƙewa kamar ƙarfe, saboda haka duk inda ƙarfe ya fara lanƙwasa, fentin ne ke fara tsagewa. A maimaita wannan dubawar bayan mako guda, sannan duk lokacin da aka kai motar juyen baƙin mai.